Akwatin kaset ɗin Baba: kundin aikin haɗa uwar garke a gidanmu na Jidda

Juma'a, 5 ga Satumba 2025

Da aka sauko daga masallaci na tarar Baba ya sa yara sun sauko masa da akwatin ƙarfen da ya shekara da shekaru a saman wadirob. Kaset ne maƙil, na ƙirga 143. Mafi yawansu tafsirin azumi ne na kakanmu, wanda aka ɗauka a Mai Wurno, garin nan na bakin kogin Nilu kudu da Sinnar, wanda ayarin ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Sauran kuwa wasiƙun baki ne. A wancan zamanin kiran waya zuwa Sudan ba na kowa ba ne, sai Kaka ta zauna gaban rikoda ta yi ta magana har fuska ɗaya ta cika, a ba wani alhaji mai tahowa ya kawo wa ɗanta a Jidda.

Baba ya ɗauki ɗaya ya nuna mini inda zaren ya tsinke. "Jiya na saka shi, rediyon ta cinye shi," in ji shi. "Kai da kake aikin kwamfuta, sai yaushe?"

Ba ni da amsa, domin shekara biyu ke nan ina cewa gobe. Kuma na san abin da goben take jawowa. Yayata ta gudo daga yaƙin Sudan, ta baro birnin Madani a Disambar 2023 da 'ya'yanta huɗu da kayan jikinsu. Kwamfutar da ke ɗauke da hotunan shekara goma sha biyar, da takardun makarantar yara, da bidiyon bikinta, a can ta tsaya. Wayarta ma ba ta iso ba. Abin da ya rage mana sai ɗan abin da ta taɓa turowa ta WhatsApp, shi ma duk an matse shi ya dusashe.

To na yanke shawara: zan haɗa uwar garke a gida. Ga wanda bai saba jin sunan ba, kwamfuta ce da ke kunne dare da rana a wani lungu, babu sikirin, babu mai zama gabanta, wayoyi da kwamfutocin gida suna kai mata ajiya suna karɓa. Maiɗakina ta ce me ya hana in biya kuɗin wata a ajiye mana a intanet kamar yadda kowa ke yi. Tambaya ce mai kyau. Amsata ita ce mu zaman iƙama muke yi, wato takardar izinin zama ta baƙi a Saudiyya. Asusun ajiyar nan yana rataye da katin banki da lambar waya, su kuma suna rataye da takardar zama. Ranar da aiki ya ƙare aka ce a tafi, lambar ta mutu, katin ya mutu, lambar sirrin shiga tana zuwa wayar da babu ita. Ba zan ɗora muryar Kaka a kan wannan igiyar ita kaɗai ba.

Asabar, 13 ga Satumba

Kafin in duba na'ura sai da na auna kayan. Kaset mai minti 90, in aka ɗauke shi da ingancin faifan CD ba tare da matsewa ba, yana cin kusan megabayit 950. In aka mayar da shi FLAC, wani tsarin matse sauti, ya koma wajen rabin haka ba tare da an rasa komai na sautin ba. Duk akwatin ba zai kai gigabayit 100 ba. Hotunan wayoyin gida da bidiyon biki da suna su ne masu nauyi, na tattara na samu ɗan sama da terabayit ɗaya. Ashe faifai mai terabayit 4 ya ishe mu shekaru masu yawa. Wannan lissafin ya kashe mini rabin burin da na shigo da shi, kuma gara da aka yi haka.

Na'urori huɗu na sa a gaba.

Wani abokin aikina yana da tsohuwar Dell PowerEdge R720, irin ta ɗakin na'urorin kamfani, ya ce in zo in ɗauka kyauta. Na je na gani. Da ya kunna ta fankokinta suka ɗauki ƙara kamar jirgi zai tashi. Ko ba ta aikin komai tana shan sama da wat 100. A nan ne na lura da wani abu: yawancin masu ba da shawara a kan wannan harka daga Turai suke rubutu, inda wuta ke da tsada, don haka duk maganarsu a kan kuɗin wuta take. Mu a nan kilowat ɗaya na awa halala 18 ne ga gidan da bai wuce 6,000 a wata ba, sai harajin kashi 15 a kai. Wat 100 dare da rana shekara guda kilowat 876 ne, wato kamar riyal 180. Ba shi ne zai karya mutum ba. Abin da zai karya shi zafi ne. Duk wat ɗin da na'ura ta sha zafi yake komawa a cikin ɗaki, kuma a Jidda, inda rani ke kai maki 40 ga gumi ga danshin teku, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ne zai yi ta fama ya fitar da shi. Gidan haya mai ɗaki uku, ga tsoho ga yara, ba wurin wannan na'ura ba ne. Na yi masa godiya na bar masa abarsa.

Raspberry Pi 5 ta burge ni, tafin hannu ce, wutar da take sha ba ta taka kara ta karya ba. Amma ba ta da mazaunin manyan faifai. Sai ka sayi ƙarin allo, ko ka rataya faifan ta USB kowanne da cajarsa, ka wayi gari da tarin wayoyi a ƙasa wanda yaro ɗaya mai rarrafe zai iya wargazawa. Ƙananan kwamfutoci masu Intel N100, wanda ya fito a farkon 2023, su ma haka: masarrafin, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, wat 6 ne kacal, ya isa aikina har da ragi, sai dai akwatin ba ya ɗaukar faifai mai inci 3.5 ko ɗaya.

Saura ta huɗu, tsohuwar kwamfutar ofis. Lokacin ma ya yi daidai, domin ranar 14 ga Oktoba Microsoft za ta daina tallafa wa Windows 10, kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin masarrafan Intel da suka girmi zubi na 8. Ofisoshi suna ta fitar da tsofaffi. Wadda nake nema HP EliteDesk 800 G4 ce, matsakaiciyar, ba ƙaramar ba: tana da mazaunin manyan faifai biyu, da ramin M.2 biyu na ƙananan faifai masu sauri (SSD), da ramuka huɗu na ram, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita.

Alhamis, 18 ga Satumba

Bayan isha'i na ɗauki ɗan Yaya, mai shekara 17, muka nufi titin Khalid bin Walid, inda shagunan kwamfuta suke jere. Da gangan na tafi da shi. Tun zuwansu ba ya son fita, kullum yana ɗaki, amma in ana maganar na'ura idonsa yakan buɗe.

A shago na biyar muka same ta, da Core i5-8500 mai ƙwaya shida, ram gigabayit 8, da ƙaramin SSD mai gigabayit 256. Mai shagon ya ce 700, na ce 500, muka yi ta ja har muka tsaya a 580. Na sa ya buɗe murfin a gabana. Ƙura ta yi kauri a kan fankar masarrafi, amma allon tsaf yake, babu tsatsa, abin da na fi tsoro ke nan a garin da iskarsa ke ɗauke da gishiri. Na ƙara sanda ɗaya ta ram ya zama 16. A wani shagon daban na sayi faifai biyu masu terabayit 4, na hannu, mai shagon yana rantsuwa cewa ba su yi wata shida suna aiki ba.

A mota yaron ya rungume kwamfutar a cinya. "Kawu, wannan ba tsohuwa ba ce? Ta 2018 fa."

Na ce masa aikin da za ta yi ba tsere ba ne, gadi ne.

Talata, 23 ga Satumba

Yau hutun ranar ƙasa, gari duk kore, ni kuwa ina tsakar falo da sukudireba. Mun fitar da ƙurar, mun canza man da ke tsakanin masarrafi da abin sanyaya shi, mun bar Memtest86+ ta kwana tana gwada ram. Ko kuskure ɗaya babu.

Faifan ne suka ba ni kunya. Kowane faifai yana riƙe da tarihin kansa a ciki, ana karanta shi da smartctl. Layi na 9 yana faɗin awannin da ya yi a kunne, na 5 yana faɗin gurabun da suka lalace aka sauya su, na 197 kuma waɗanda ake shakkarsu. Na farko ya nuna awa dubu 31 da ɗoriya, wato shekara uku da rabi ba hutawa. Na biyu awanninsa ba su kai haka ba, amma layi na 197 ya nuna 24. Na nuna wa yaron lambar, na ce wannan faifan ya riga ya fara mantuwa, bai dai faɗa wa kowa ba ne.

Wannan kuskurena ne, na so in rage kuɗi a inda ba a ragewa. Kwamfuta in ta mutu a sayo wata a ɗaura faifan. Faifai in ya mutu ya tafi da abin da ke cikinsa.

Laraba, 1 ga Oktoba

Na mayar da faifan. An sha magana, amma da na nuna hoton lambobin aka ba ni kuɗina. Na sayi sababbi biyu, WD Red Plus ɗaya, Seagate IronWolf ɗaya, don kada su zama 'yan zubi ɗaya masu iya mutuwa mako ɗaya. Dukansu irin CMR ne. Akwai wani iri, SMR, mai jera layukan rubutu a kan juna kamar jinka. Ya fi arha, amma in aka matsa masa da dogon rubutu sai ya yi ta jan ƙafa. Yanzu suna cikin gwajin badblocks, a rubuta kowane gurbi a karanta, zai ɗauki kwanaki.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Wurin da na tanadar mata shi ne ɗan sitor ɗin da ke bayan kicin, ba taga, ba mukayyif. Na rufe ƙofa na bar ta yini ɗaya. Da la'asar faifan sama ya kai maki 52. Masu ƙera shi sun yarda ya yi aiki har sama da haka, amma abin da aka yarda da shi na awa ɗaya daban, abin da za a zauna a kai shekara biyar daban. Kuma wannan Oktoba ce, ina ga Yuli?

Maiɗakina ce ta warware. Ta ce a kawo ta falo, ƙarƙashin teburin talabijin, inda mukayyif ke aiki yawancin yini saboda Baba, da sharaɗin kada ta ji ƙara kuma kada ta ga waya tana reto. Na ɗora ta a kan katako biyu don iska ta ratsa ƙasanta, na ja kebul ɗaya ta bayan labule zuwa rauta. Yanzu faifan suna tsakanin 36 da 39. Da na'urar awon wuta da na soka a bango na ga tana shan wat 22 in faifan biyu suna juyawa, kamar riyal 40 a shekara. Da dare in gida ya yi tsit akan ji ɗan ƙas-ƙas ɗinsu. Baba ya ce shi bai dame shi ba, agogon bango ya fi ta surutu.

Na shiga BIOS, shafin saitin da ke cikin allon kwamfutar, na saita ta ta kunna kanta in wuta ta dawo. Ba a cika ɗauke wuta a nan ba, amma akwai masu zare filogi su soka caja.

Asabar, 18 ga Oktoba

Mako guda ina gwada babbar manhaja, in ɗora wannan in sauke in ɗora waccan. A nan aikin ya fi cin lokaci, kuma a nan ra'ayina ya juya.

Da TrueNAS na fara, kuma gaskiya ta yi kyau. An gina ta a kan Debian, ɗaya daga cikin ire-iren babbar manhajar Linux, tana amfani da tsarin ajiya na ZFS wanda ya samo asali daga kamfanin Sun, kuma komai ta shafin burauza ake yinsa. Tana son ram aƙalla gigabayit 8, kuma faifan da aka ɗora ta a kai nata ne ita kaɗai. Abin da ya ja ni gare ta shi ne ZFS tana lissafa wa kowane guntun bayani hatimi. Ranar da faifai ya dawo da abin da ba shi aka ba shi ba, hatimin zai saɓa, sai ta ɗauko mai kyau daga ɗaya faifan ta gyara. Ga mai ajiyar shekara talatin wannan ba ado ba ne. Fayil yakan ruɓe shiru, ba wanda ya sani sai ranar da aka buɗe shi aka ji sautin ya yanke a tsakiyar aya.

Proxmox, ta wani kamfani a Ostiriya, ta fitar da zubi na 9 a Agustan nan. Ita aikinta ta raba kwamfuta ɗaya ta zama kwamfutoci da yawa na gaibu. A wurin aiki ina ƙaunarta. A gida kuwa na tambayi kaina kwamfutoci nawa nake bukata, amsar ta zama ɗaya. Unraid kuɗi ake biya, lasisinta kuma yana ɗaure da filashar da take tashi daga kai, ban tsaya a kanta ba. OpenMediaVault Debian ce da aka yi wa shafin sarrafawa, ba laifi.

Daren Laraba ina zaune ina ta danne-danne, Yaya ta kawo mini shayi ta tsaya a kaina. Ta daɗe tana kallon sikirin ɗin, sannan ta ce, "Ƙanina, in ba ka nan fa? Wa zai buɗe?"

Ba ta ce in na mutu ba, amma na ji abin da take nufi, kuma ita ta fi kowa cancantar tambayar. Ranar da ta fito daga Madani ba wanda ya ba ta awa ɗaya ta nemo masanin kwamfuta. Duk gwajin da na yi a makon nan ina auna abin da ya fi mini daɗi ne, ni mai wannan sana'a. Ban taɓa auna abin da zai faru in an zare faifai an jefa a jaka an gudu ba.

Sai na canza ma'auni. Wadda zan zaɓa dole ta cika abu uku: ta iya gano ruɓewar fayil ta gyara, yaro mai shekara 17 da takarda ɗaya a hannu ya iya karanta faifan a wata kwamfutar daban, kuma kada ta dogara da kamfani ɗaya da zai iya canza ra'ayi. Da wannan ma'aunin Debian tsurarta ta fito gaba. Tun 1993 take, jama'a ne ke riƙe da ita ba kamfani ba, zubi na 13 ya fito ranar 9 ga Agustan bana, kuma akan tallafa wa kowane zubi wajen shekara biyar. Ubuntu 24.04 ma za ta yi, sai dai Debian ta fi ta rashin son sauye-sauye, ni kuwa abin da nake nema ke nan.

Sai tsarin ajiya. ZFS ba ta cikin zuciyar Linux, wato tushen manhajar, saboda saɓanin lasisi; a Debian sai an harhaɗa ta daban duk lokacin da zuciyar ta sabunta. Btrfs, wani tsarin ajiyar, kuwa tana cikin zuciyar kanta, ita ma tana da hatimi, tana ajiye kwafi biyu a faifai biyu, kuma kusan kowace filashar Linux da aka tayar da kwamfuta da ita za ta karanta ta. Masu ita da kansu sun yi gargaɗi a kan tsarinta na RAID 5 da 6 mai rarraba bayani a faifai da yawa, amma ni madubi kawai nake so, wato kwafi iri ɗaya a faifai biyu, wannan kuwa ya daɗe da zaunawa. Na san akwai waɗanda za su ce ZFS ta fi ƙarfi, ban musa ba. Tambayar Yaya ce ta yanke hukunci.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Yaron ne ya ɗora Debian da hannunsa, ni ina gefe. A wurin zaɓen kaya muka cire alamar duk wani abin ado, muka bar SSH, hanyar sarrafa ta daga wata kwamfutar, da kayan aiki na asali. Babbar manhajar tana kan SSD, faifan biyu ajiya zalla. Muka sa Samba don kwamfutocin gida su ga manyan jakunkuna, muka sa sabunta tsaro ya riƙa yin kansa, muka tsara duba hatimi sau ɗaya a wata, da btrbk mai ɗaukar hoton halin da ajiya take ciki kowane dare, don in wani ya goge abu bisa kuskure a koma jiya a ɗauko.

Sannan muka yi gwajin da na fi damuwa da shi. Na kashe ta, na zare wayar faifai ɗaya, na kunna. Ba ta tashi ba. Ta yi ta jiran faifan da babu, daga ƙarshe ta faɗa yanayin gaggawa tana neman a kawo mata kibod da sikirin. Dalili biyu ne. Btrfs ba ta yarda ta buɗe madubin da ya rasa rabinsa sai an gaya mata a fili da kalmar degraded, kuma ni ban sa kalmar nofail a fstab, fayil ɗin jerin faifan da ake buɗewa wurin tashi, ba, wanda zai bar kwamfutar ta ƙarasa tashi ko da ajiyar ba ta hau ba. Na ji daɗi ƙwarai da wannan ya faru yau, da rana, faifan biyu lafiya lau, ba ranar da ɗaya ya mutu da gaske ba.

Muka gyara. Daga nan na ba shi faifan da aka zare, da tsohuwar laftof ɗina, da akwatin USB na soka faifai, na fita na bar shi da takardar da na rubuta. Minti ashirin da biyar ya kira ni: "Kawu, ga su nan!" Ya maƙale a wuri ɗaya, inda na rubuta umarnin ban faɗi yadda ake gano sunan faifan ba. Na gyara takardar, Hausa a fuska ɗaya, Larabci a ɗaya, na sa a leda na manna a cikin murfin kwamfutar.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

An fara juyar kaset. Na samo dek, na'urar kunna kaset, mai kyau a kasuwar gwanjo ta Sawarikh da ke kudancin gari, na canza masa bel, na goge kansa da auduga. Sautin yana shiga laftof ta ƙaramar na'urar USB, manhajar Audacity tana ɗauka. Ba a gaggauta shi: kaset mai minti 90 minti 90 zai ci. Kusan awa 200 ke gabanmu, mun raba, ni da dare, yaron bayan makaranta.

Matsalar da ban zata ba ta sunaye ce. Ɗan rubutun da na yi mai kwashe fayiloli ya tsaya cak a kan wani fayil mai suna da ya fara da 'yan, domin wannan ɗigon na sama da muke sa wa 'ya da 'yan, a wurin Linux alamar buɗe zance ce, tana jiran a rufe. Laifin rubutuna ne, na gyara shi. Ƙ da ɗ da ɓ ba su ba da wahala ba, haka ma Larabci, sai dai in aka gwama Larabci da lambobi a suna ɗaya jerin yakan birkice a ido. Ga kuma shekaru: bayan kaset ɗin da Hijira aka rubuta. Muka tsaya a kan tsari ɗaya, shekarar Miladiyya a gaba, sai ta Hijira, sai bayani da boko. Azumin 1407 ya faɗo a ƙarshen Afrilu da Mayun 1987, don haka 1987-1407-tafsir-rana-03. Hoton bayan kowane kaset, da rubutun hannun da ke kai, yana zaune kusa da sautinsa da suna iri ɗaya.

Hotunan waya kuma na ɗora musu manhajar Immich, tana kwashewa da kanta in waya ta hau intanet ɗin gida. Amma na saita ta yadda hotunan za su zauna a jakunkuna na shekara da wata, waɗanda ko babu Immich za a iya buɗewa.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Madubi ba kwafin ajiya ba ne. In gobara ta tashi, ko ɓarawo ya shigo, ko aka ce a bar gidan, faifan biyu tare za su tafi. Don haka na sayi na uku, na aljihu, na tsara shi da exFAT, wanda Windows da Mac da Linux duk suna karantawa. Ban kulle kaset da hotuna da kalmar sirri ba, da gangan. Takardun shaida da fasfo kaɗai na kulle, kalmar tana wurin mutum uku. exFAT ba ta da hatimi, sai na haɗa da jerin sha256, wato hatimin kowane fayil, don a riƙa dubawa. Ta kuma ƙi karɓar sunayen da ke da alamar tambaya ko ɗigo biyu, sai da muka gyara wajen arba'in.

Jiya muka kai shi Makka wurin Gwaggo, tafiyar awa ɗaya. Duk wata biyu zan je da wani in musanya. Kafin in miƙa mata na soka shi a laftof na buɗe ɗaya daga cikin wasiƙun. Aka ji shuuu na kaset, aka ji zakara a nesa, sai muryar Kaka: tana gaida Baba, tana tambayar ko ya samu barkonon da ta aiko, tana lissafa waɗanda suka haihu da waɗanda suka rasu a unguwa, tana cewa kogi ya cika bana har ya taɓa gonar ƙasa. Can sai ta ce, "Ina 'yar'uwarka? Ka ce mata ta yi mini magana a na gaba, na gaji da jin muryarka kai kaɗai."

Gwaggo ta sa gefen mayafinta a baki. Baba ya ce, "Mayar baya kaɗan." Na mayar. Sau huɗu muka ji wurin.

Juma'a, 5 ga Disamba

Kaset 58 sun shiga, saura 85. Bakwai zarensu ya tsinke, mun ware su sai na samo tef ɗin haɗi na gaskiya, ba salatif ba, don mannensa yana narkewa ya ɓata kai. Duba hatimi na 1 ga wata ya wuce ba kuskure. Faifan suna 34 da 36 yanzu da gari ya ɗan yi sanyi.

Shiga daga waje bai yiwu kai tsaye ba, domin layinmu yana raba adireshi ɗaya da wasu gidaje. Na sa Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urori ta ɓoyayyiyar hanya a intanet, yanzu ina iya duba ta daga wurin aiki ba tare da na buɗe wata ƙofa a rauta ba. 'Yan'uwa na Mai Wurno da Gadarif kuwa intanet ɗinsu ba zai ɗauki FLAC ba. Muna yi musu ƙananan MP3, kowane zaman tafsiri bai wuce megabayit 20 ba, za mu zuba a katin waya guda uku mu ba wani maƙwabci da zai bi jirgin ruwa zuwa Suwakin ƙarshen wata.

Abin da ya rage: ƙaramin batirin ko-ta-kwana da zai ba ta damar kashe kanta a hankali in wuta ta yanke, da saƙon da zai zo wayata in zafin faifai ya haura 45, kafin rani ya dawo. Azumi yana tsakiyar Fabrairu. Baba yana so a fara da tafsirin 1407, zama ɗaya kowane dare bayan tarawihi, kuma ya ce a haɗa da Gwaggo ta waya. Na wannan shekarar kaset 29 ne, mun gama 21. Yau da dare na yaron ne, rana ta 22.